Maƙerin Yesu a Gugaram

Ran Lahadin da ta wuce, bayan an tashi daga majami'a, ina zaune bakin ƙofa ina jiran wanda zai ɗaga ni, don gwiwoyina sun daina karɓar umarni daga wurina, sai na ji samarinmu masu fita bishara suna hira. Sun ɗaure lasifika a bayan babur, za su unguwar bukkoki ta bayan gari. Ɗaya daga cikinsu, wanda na goyi ubansa, ya ce ai aikin su Baba Bawa, ni ke nan, babu wuya, akwati ke magana, su nasu murɗa hannu ne kawai. Sauran suka yi dariya. Ni ma na yi, don akwai gaskiya cikin maganarsa. Abin da ya bari bai faɗa ba shi ya sa na ari alƙalami. Ku yi haƙuri da rubutuna. Lakwal, makarantar boko, ban taɓa shigarta ba sai ranar da jakin babana ya ɓalle ya faɗa ciki na bi shi. Karatun da na iya na ajin yamma ne a misiyo, gidan masu bishara, inda aka sha wuya da ni har na iya bin layi da yatsa.

Ni Bagobiri ne, daga wajen Maradi. Zamanin Faransi, tun ba a fara zancen mulkin kai ba, aka turo ni Abzin in ɗauki garmaho, akwatin nan mai magana da faifai. Ku da kuka buɗe ido kuka ga Arlit da fitilu da motocin ma'aikata ba za ku yarda ba, amma sa'an nan babu komai nan sai fili da tsakuwa da iska. Mutane suna can gabas, gindin duwatsu, wajen Gugaram, inda akwai rijiyoyi da ɗan abin da raƙumi zai tsinka. Nasaran da ya ɗauke ni, Mushe Dogo muke ce masa, yana zaune Agadas yana ba da magani, don kumandan Faransi mai mulkin ƙasar bai yarda ya riƙa yawo cikin zangunan makiyaya ba. Ni kuwa, baƙin mutum da akwati, babu wanda ya damu da inda na sa kai.

Faifan farko da na kashe, a tafiyata ta farko ne. Na zare shi in duba, aka kira ni in riƙe raƙumi, na ɗora shi kan sirdi da rana tsaka. Kafin in dawo ya lanƙwashe kamar fatar da aka shanya. Da muka sa shi, muryar mai wa'azin ta riƙa hawa tana sauka, kai ka ce yana bisa taguwa mai gudu. Daga ranar na koyi cewa faifai ba shi da maƙiyi kamar rana. A naɗe shi cikin zane, a matse shi tsakanin katako biyu, a cusa shi tsakiyar kaya gefen da salka take, don ya ɗan sami sanyi. Garmahon kansa akwati ne mai nauyin ɗan rago, da hannun murɗawa, da faranti mai juyawa, da kai mai riƙe allura. A cikinsa akwai wani ƙarfe siriri a nannaɗe, shi ne ransa. Ka murɗa ya wuce kima, ƙarfen ya tsinke. Ka yi rowar murɗawa, mai wa'azi ya kai tsakiyar magana muryarsa ta yi ta nauyi tana nauyi har ya mutu a gaban jama'a, yara su faɗi ƙasa don dariya. Rairayi kuwa ko ka rufe akwatin da addu'a sai ya shiga. Gashin kaza nake sharewa da shi, da ɗigon kananzir. Na taɓa gwada man shanu, tururuwa suka mai da akwatin gidansu.

Allura ita ce cinikin kullum. Ta ƙarfe ce, tana saurin dakushewa, in wasa ta a dutse har ta gajarce ta ƙi kamuwa. In sun ƙare sai ƙaya. Ƙayar aduwa busasshiya ta fi, a fiƙe ta da wuƙa, tana kai faifai guda kafin ta mutu. Muryar da ƙaya ke fitarwa ƙasa-ƙasa ce, sai an matso. Na daɗe ina jin haushin haka, ina ganin na rage wa bishara ƙarfi, kafin in lura cewa ranar ƙaya maza sun fi zama.

Wanda ya koya mini aikin Malam Tanko ne, wani tsoho Badamagare mai ido ɗaya. Ya daɗe bai bar ni na taɓa hannun akwatin ba. Ni ne ɗaukar kaya, ni ne jan guga, ni ne hura gawayin shayi. In muka sauka zango, ba ya buɗe akwati sai an tambaye shi abin da ke ciki, ko da za mu kwana mu wuni. Zai zauna yana tambayar lafiyar raƙuma ɗaya bayan ɗaya kamar surukansa ne. Ya kan ce mini kada in gaya wa mutum abin da yake bukata tun ban san abin da yake jin kunya ba. Ni kuwa ina ce masa to, a zuciyata ina cewa tsufa ne, ga faifai ga allura mi ake jira. Tari ya kama shi, aka mai da shi gida, akwati ya zama nawa.

Masu sauraro iri-iri ne. Mata da yara su ke matsowa har su taɓa. Maza suna zama nesa, amawali ya rufe baki da hanci har ƙarƙashin ido, su juya maka kafaɗa kamar ba da kai suke ba, alhali babu kalmar da ke wuce su. Malamansu kan saurara har ƙarshe, su ce Annabi Isa ai sun san shi, su gyara mini abin da suke ganin faifan ya kuskure, mu sha shayi mu rabu lafiya. Tsofaffin mata su ne masu wuya. A wurinsu muryar da ba ta da jiki ta mutanen daji ce, waɗanda ke kiran matafiyi da sunansa a inda babu kowa. Sai na kwance akwatin sun leƙa sun ga ƙarfe ne da ƙusoshi kafin su bar jikokinsu su zauna.

Zuwana na farko Gugaram ni kaɗai, ban jira an tambaye ni komai ba. Na dire akwati tsakiyar zango, na sa sabuwar allurar ƙarfe, na murɗa. Da waƙar yabo ta zo na bi ta da muryata, baki a wangame, hula kaɗai a kaina, ina tafi. Da na gama, babban zangon, wani dogon mutum mai suna Agali, ya aiko mini da cuku da cinyar akwiya. Kashegari wani ya aiko da dabino, wani da takalmi. Na koma Agadas ina tafiya kamar wanda ya ci yaƙi, na ce wa Mushe Dogo zuciyar Gugaram ta buɗe. Ya yi murna, sa'an nan ya tambaye ni wace tambaya suka yi mini. Na ce babu, bayarwa kawai suke yi. Ya sosa gemu, ya ce in koma in gano dalili.

Ƙarfen cikin akwatin ne ya gano mini. Ya tsinke a zuwana na biyu, aka nuna mini bukkar Amumun, maƙerin zangon. Bai taɓa ganin cikin garmaho ba, amma ya zare ƙarfen a hankali yana danne shi da ƙafa kada ya fyaɗe mu, ya sa bakin da ya tsinke cikin wuta har ya yi laushi, ya huda shi, ya maƙala shi inda yake. Yana aikin yana ce mini ɗan'uwa. Ya tambaye ni ko ubangidan nan nawa da nake wa waƙa yana da hannu sake, ko irin masu sa maƙeri ya yi ta yabo ne ya tashi da yunwa. Na ce ban gane ba, wane ne maƙeri?

Ya ajiye guduma ya dube ni. Ya ce mutum ya zo da baki a buɗe, ya ɗaga murya tsakiyar zango, ya yi waƙar wani babba da ba ya nan, ya ci abinci gaban kowa, to in ba maƙeri ba mi ne ne? A Abzin maƙeri ba ƙira kaɗai yake yi ba. Shi ke kai saƙon manya, shi ke yabo a biki, shi ke roƙo, kuma ba a hana shi abin da ya roƙa, don ana tsoron bakinsa. Na ce to kyautar da aka yi ta ba ni fa?

"Don ka yi shiru ne, ɗan'uwa," in ji shi. "Kada ka gama yabon ubangidanka ka juyo kansu."

Ni da tsagen Gobir a fuskata, jikan mayaƙa, wai an mai da ni maroƙi. Na kumbura, na ƙi shan shayinsa. Amumun ya yi ta dariya har da riƙe ciki, ya kira matarsa ta zo ta ga maƙerin da bai san kansa ba. A hanya bisa raƙumi na yi ta juya maganar. Maƙeri yana da ubangida. Yana ɗaukar saƙonsa ya kai inda aka aike shi. Yana gyara abin da ya karye. Yana shiga inda mai girma ba ya iya shiga, don ba shi da girman da zai zube. Na duba na duba, ban ga wadda ba tawa ba a ciki. Da na komo na ce wa Amumun na karɓi sarautar.

Cikin shekarun nan ne Nasara masu neman dutse suka fara ratsa ƙasar da motocinsu. Su ma da akwati suke yawo, ƙarami, a rataye, su kara shi jikin dutse ya riƙa ƙas-ƙas-ƙas. Dutsen yuraniyom suke nema, shi ne ya haifi garin da kuke ciki. Mun tsaya kallonsu wata rana ni da Amumun, ya ce nasu akwatin ya fi nawa hankali, don shi saurare yake yi, nawa kuwa bai taɓa jin maganar kowa ba. Daga nan na rage murɗawa. Na riƙa zama bakin maƙera ina hura zuga-zugi, kunnena a waje. A nan na koyi abin da babban mutum na Abzin yake tsoro. Ba mutuwa ba ce, ba ƙishi ba. A gan shi yana roƙo, shi ne. Zai yi kwanaki bai ci ba ya ce maka ya ƙoshi, kuma in ka nuna ka gane, ka zage shi.

Sai na tuna da faifan da na fi so. Yana cewa ceto kyauta ne, ba a saye, ka zo hannu wofi ka roƙa a ba ka. A Gobir na ga tsofaffi suna share hawaye in an sa shi. A Abzin kuwa daidai wurin nan maza ke miƙewa su kakkaɓe riga su tafi duba raƙuma. Da ina cewa taurin zuciya ne. Ashe abin da suke ji shi ne, ku zo ku zama maroƙa. Maganar faifan gaskiya ce, har gobe ina kanta. Amma ta ƙofar da ya biyo, babu namijin da zai shiga.

Mummunar shekara ta zo mana a hankali. Damina ta yi alkawari ta saɓa, ta baya ma haka. Ciyawa ba ta fito ba, itatuwa suka zubar da ganye, raƙuman da suka je ɗaukar gishiri da yawa ba su komo ba. Mutane suka watse, wasu kudu, wasu Agadas inda ake rabon hatsi a layi. Mushe Dogo ya samo gero daga kudu, ya ɗora mini abin da raƙuma za su iya ɗauka, ya ce Gugaram. Na tarar zangon ya ragu, gawar dabbobi ta bushe ko'ina ba ta ko wari. Maƙera da talakawan zango suka zo da ƙorai, na auna musu, babu wata wahala. Bukkar Agali ce kaɗai ba a ɗaga tabarmar ƙofarta ba. Raƙumansa sun ƙare. A ciki akwai shi, da matarsa Tekna, da ɗiyarsu Fatimata mai jego da jaririya. An ce hayaƙi ya daɗe bai tashi a gidan ba.

Na ce ai yanzu na yi wayo, ba zan kai da kaina a ga ido ba. Na cika ƙwarya, na rufe da zane, na ba matar Amumun ta kai ta bayan bukka kamar ta je aron turmi. Ba a jima ba sai ga ta ta dawo da ƙwaryar yadda take, ko ƙwaya ba a taɓa ba, tana kuma jaye da akwiya. Ta ce Tekna ta ce sun gode, suna da isasshe, wannan kuwa Agali ya ce a ba maƙerin Annabi Isa saboda wahalar hanya.

Ban taɓa ganin Amumun ya ɓata rai ba sai ranar. Ya ce ita ke nan akwiyar da ta rage musu mai nono. Nonon Fatimata ya ƙafe, da na akwiyar nan ake ɗiga wa jaririya. Na ce to a mayar maza. Ya ce in na mayar na kira Agali matsiyaci gaban zango, zai yanka ta a gabana ya bar wa ungulu, kuma ba zai ƙara duban inda nake ba. Na ce to mi za a yi? Ya ce na yi shekaru ina cin kyautar maƙera ban koyi aikin ba, in je in yi tunani, shi yana da gatari a wuta.

Na zauna gindin wata bishiya da ba ta da inuwa, akwiya tana kuka, hantsarta ta cika, daga can bukkar kuma ana jin kukan jaririya siriri kamar na mage. Kowane kuka yana amsa ɗaya. Akwatina yana gefe a rufe, babu faifan da ke da amsa. Ko da yake akwai. Akwai wani da na yi ta sawa har ya suɗe, labarin ranar da Yesu ya gaji da tafiya ya zauna bakin rijiya. Na san shi da ka, in an tashe ni daga barci zan karanto shi. Amma kullum gaggawa nake a kai ga inda yake ba da ruwan rai. Ban taɓa tsayawa kan abin da ya fara yi ba.

Na bar salkata wurin Amumun. Na ɗora buhu a kafaɗa, na ja akwiya, na bi ta tsakiyar zango inda kowa zai gan ni, na zube ƙofar Agali cikin rana. Na ɗaga murya irin ta marasa kunya.

"Ranka shi daɗe, maƙeri yana jin ƙishi."

An daɗe kafin tabarma ta motsa. Agali ya fito da rawaninsa a naɗe tsaf, takobi a rataye, rigar tana lilo a jikinsa kamar an rataye ta a sanda. Ya tsaya dafe da itacen ƙofa, yana yi kamar ba dafawa yake ba. Aka miƙo ruwa a akushi, kaɗan ne, ja, na shanye har laka. Sa'an nan na buɗe bakin roƙo. Na ce ya ba ni akwiya ya ba ni masifa. Ni Bagobiri ban san komai na akwiya ba sai namanta, ta ƙi ci a hannuna, ta hana ni sakat da kuka. Ina roƙo a bar mini ita a gidansa wurin da ta saba, a riƙa tatse ta kada hantsarta ta kumbura ta lalace mini, nonon kuwa a yi yadda aka ga dama da shi, ni yana ɓata mini ciki. Na ce ga kuma gero, ba ni da mata, ba ni da turmi, ina ta tauna shi ɗanye kamar doki. Ina roƙo matan gidansa su daka mini su tuƙa. Kuma a sani ni mai ci ne, a cika tukunya, abin da na rage kada a nuna mini shi, ganin saura yana tayar mini da zuciya.

Na gama. Duk zango ana leƙe ta ramukan tabarmi. Idanunsa kaɗai nake gani, kuma na san ya gane, babu abin da ya ɓoyu gare shi. In ya ce a'a, magana ta mutu, babu wata dabara bayan wannan.

"Kai maƙeri ne marar kunya," in ji shi.

"Aikina ke nan, ranka shi daɗe."

Ya juya ya yi magana cikin harshensu, gajeriya. Tekna ta fito, ba ta dube ni ba, ta karɓi igiya. Kafin a jima kukan akwiya ya tsaya, na jaririya ya bi shi. Sa'an nan aka fara daka a bayan bukka, a hankali, ana yi ana hutawa, don hannuwan ba su da ƙarfi.

Da tuwo ya zo, na ɗauki cokalin itace na riƙe, na ƙi ci. Na ce saura roƙo ɗaya. A garinmu wanda ke cin abinci shi kaɗai maye ake ce masa, kada ya bari a ɓata mini suna a ƙasar mutane. Ku sani, babban mutum a can ba ya ci gaban baƙo, ba ya ci gaban suruki. Amma maƙeri ba a lissafa shi cikin waɗanda ake jin kunya. Da na zo masa a matsayin malami ko ɗan aiken Nasara, da ba zai iya ba. Ya zauna. Ya ɗebo kaɗan, ya ɗaga gefen amawali da hannun hagu, ya shigar da cokali ta ƙasa. Yana ci a hankali, kamar alfarma yake yi mini. Ni kuwa na yi ta zuba surutu ina kallon wani wuri.

Da muka wanke hannu ya tambaye ni ko Amumun ne ya kitsa mini wannan. Na ce Amumun korata ya yi, a wurin ubangidana na gani. Ya ce yaya? Ban tashi ɗauko akwati ba. Na rage murya na ba shi da bakina, yadda Yesu ya iso rijiya da rana tsaka a gajiye, ba guga ba igiya, ya tarar da wata mace daga mutanen da danginsa ba sa shan ruwa a ƙwarya ɗaya da su. Shi ne ya zo da abin da zai ba ta, wanda ya fi rijiyar da abin da ke cikinta. Amma bai fara da bayarwa ba. Ya roƙe ta ruwa.

Agali ya ce Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata gare shi, ai mai girma ne, an ce yana ta da matattu da izinin Allah. Ya roƙa? Na ce ya roƙa. Ya ce a gaban mutane? Na ce da rana tsaka, bakin rijiya, har almajiransa suka zo suka tarar suka yi mamaki. Ya daɗe yana zane a ƙasa da yatsa. Sa'an nan ya ce duk shekarun nan akwatina yana gaya musu su zo su roƙa, bai taɓa gaya musu cewa shi mai abin ne ya fara zubar da girmansa ba. Na ce yana cikin faifan, ranka shi daɗe, ni ne nake sa allura mai ƙara.

To, ƴaƴana masu babur, aikin ke nan. Ban ce ku canja saƙo ba, ba naku ba ne balle ku canja. Amma unguwar bukkokin da za ku, akwai jikokin mutanen nan a ciki, akwai Fulani, akwai Barebari, kowa da abin da yake ɓoyewa a bayan fuska. Kafin ku kunna lasifika ku sauka ku nemi ruwan sha, ku zauna har a gaya muku ko ku su wane ne a idonsu. Ba lalle sunan ya yi muku daɗi ba. Ku karɓa, wataƙila da shi za ku shiga.

Na zauna Gugaram har ruwa ya sauka. Jaririyar ta rayu, yau tana da jikoki, tana sayar da cuku a kasuwar garin nan, kuma har yanzu in na je sai ta ƙara mini farashi wai maƙera sun cika son banza. Agali ya rasu da carbinsa a hannu, ba zan ƙara masa abin da bai faɗa ba. Amma labarin rijiyar nan ya sa na maimaita masa shi har na gaji, kuma bai yarda akwati ya faɗa ba, sai ni. Abin da ke tsakaninsa da Yesun da ke cikin labarin, su biyu suka sani.

Ranar farkon nan dai da na roƙe shi ruwa, da na miƙe zan tafi, na yi godiya irin ta maƙera, mai tsawo, har da yabon kakanninsa da ban san sunansu ba. Ya bar ni na kai bakin zango, sa'an nan ya kira ni. Na komo. Ya gyara amawali, ya dubi duwatsu, ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai zan ji.

"Maƙeri. Gobe ma ka zo ka roƙe ni."